Get ya yi tsatsa bayan damina biyu: fenti, ruwan batir ko baƙin mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da aka yi mini get da ƙarafan taga da ƙafar tankin ruwa a gidana da ke Zariya, kuma tun a shagon walda aka yi musu fenti. Yanzu gindin get ɗin ya yi bororo, fenti na ɓamɓarewa, duk inda aka yi walda ya yi ja. Mai fenti ya ce galan ɗaya ya isa a shafe komai, maƙwabcina ya ce in wanke da ruwan batir, wani kuma ya ce in shafa baƙin mai. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Cikin ukun nan babu wadda zan ce ka bi yadda aka faɗa maka. Mai fenti ne ya fi kusa da gaskiya, tunda ko ba jima ko ba daɗe fentin za a yi, sai dai ya tsallake aikin da ya fi fentin muhimmanci. Fenti ba ya kashe tsatsa, rufe ta kawai yake yi. In aka shafa shi a kan tsatsa mai rai, kamar an ɗaure miki ne ba a wanke ba: sama tsaf, ƙasa ciwo na ci. Za ka ga get yana ƙyalli har zuwa watan Agusta, daga nan bororon ya dawo daidai wurin da yake a da.

Tsatsa tana buƙatar abu uku su haɗu: ƙarfe, iska da ruwa. In ka hana ɗaya, ba ta samuwa. Illarta ita ce ba ta liƙewa ta kare ƙarfen da ke ƙarƙashinta yadda alminiyom ke yi wa kansa. Garas-garas take, tana shan ruwa tana riƙewa, kuma tana cin wuri ninkin-ba-ninkin ƙarfen da ta cinye. Wannan kumburin ne yake ɗago fenti ya yi bororo, shi ne kuma yake tsaga kankare idan rodin ciki ya kamu. Ƙarfe ba ya tsatsar kirki sai laimar iska ta haura kashi 60 cikin 100, ko kuma ruwa ya kwanta a kansa. To, Zariya ba Legas ba ce, ba Fatakwal ba ce, inda laima da gishirin teku ke aiki dare da rana. A nan kusan rabin shekara iska a bushe take ƙayau. Saboda haka in get ya lalace cikin shekara biyu a Zariya, kada ka ɗora wa iska laifi. Akwai inda ruwa ke kwana a jikinsa, kuma nemo wurin shi ne farkon aiki, tun kafin ka sayi ko da samfefa ɗaya.

Ɗauki ƙaramar guduma da sukundireba ka bi gindin get ɗin kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da kaifin sauti, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum. Danna bakin sukundireba a kan bororon. In ɓawo ne kawai ya faɗo, ƙarfe na nan da ƙwarinsa a ƙasa, abin da sauƙi. In ya lotsa ko ya huje, daga ciki tsatsar ta fito, kuma wannan shi ne abin da na fi gani a get ɗin gidajenmu. Da fayif mai kusurwa huɗu ake haɗa firam ɗin, a ɗiɗɗiga walda nan da can a bar tsaga, a rufe tsagar da fila irin ta masu gyaran jikin mota. Rana ta buga, fila ta tsage, ruwan sama ya shiga ta sama ya gangara ya taru a fayif ɗin ƙasa, babu mafita. Ciki kuwa ba a taɓa yi masa fenti ba. Sa a huda ƙasan wannan fayif ɗin da injin huji, rami mai faɗin milimita 6 zuwa 8, ɗaya a kowane ƙarshe, ɗaya a tsakiya. Kada ka yi mamaki in jan ruwa ya zubo ko da a watan Disamba ne. Ramukan nan a bar su a buɗe har abada, kada mai fenti ya toshe su don kwalliya. Sannan mai walda ya rufe kan duk wani fayif da ke tsaye, ya cike waldar da aka ɗiɗɗiga. Inda ya huje kuwa babu maganin da ya wuce a yanke a sa sabo.

Duba kuma inda ginshiƙin get ya shiga siminti. Sau da yawa simintin yana yin ɗan kwari a gindin ƙarfen, ruwa ya kwanta a ciki, ƙarfen ya ruɓe daidai wuyansa. A fasa wurin kaɗan, a gyara ƙarfen, a sake zuba siminti a yi masa tudu yadda ruwa zai gangare. Yashi da shara da ke taruwa a ƙarƙashin get su ma suna riƙe danshi, don haka a samu tazarar kamar yatsu uku tsakaninsa da ƙasa. In ana wanke mota ko tsakar gida ruwan omo na bi ta nan, ko dabbobi na fitsari a wurin, ko ana jingina buhunan takin zamani ko gishiri, ka samu dalilin da ya sa gindin ya riga sauran jiki lalacewa. Gishiri ko wane iri ne yana ninka saurin tsatsa.

Jan da kake gani a kan walda kuma daga shago ya samo asali. Sandar walda tana barin ɓawo a kan ɗinkin, da ƙananan ɗigo-ɗigo a gefe. In ba a kakkaɓe ɓawon da guduma an goge da burushin waya ba, fenti a kansa yake zama, kuma ranar da ɓawon ya saki, da fentin zai tafi. Haka sabon ƙarfe yake zuwa da wani baƙin ɓawo mai sheƙi daga masana'anta, da mai da aka shafa masa don kada ya yi tsatsa a hanya. Mutane na ganin baƙin nan su ɗauka ƙarfen a tsaftace yake. Ba haka ba ne, zafi da sanyi suna tsattsaga shi, tsatsa ta kama a cikin tsagar da sauri fiye da a kan tsiraran ƙarfe. Ƙara da cewa fentin shagon walda galibi shafa ɗaya ce, an tsinka ta da fetur don ta yaɗu ta bushe da wuri, babu fentin shimfiɗa a ƙasa. Fentin miƙa kaya ne, ba na zama ba. Ba na ganin laifin masu walda su kaɗai, domin mai gida ne yake taya farashi har sai babu kuɗin da ya rage na fentin kirki.

Yanzu ga aikin kansa. Fara da wanki, ba da gurza ba. Mai da giris da ƙura in aka hau su da samfefa, cusa su ake yi cikin ƙarfen. A wanke da ruwan omo da burushi, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a bar rana ta busar. Inda giris ya yi kauri, kamar wajen hinji da sakata, a goge da tsumma da tina, wato ruwan tsinka fenti. Kananzir yana cire datti amma yana barin maiƙo, fetur kuwa kada a kusanto da shi inda za a kunna injin gurza, tartsatsi ɗaya ya isa.

Daga nan sai kankara. A kankare duk fentin da ya saki da ɓawon tsatsa, a bi da burushin waya, a bi da samfefa mai lamba 80, a ƙarasa da mai lamba 120. In akwai giranda, wato injin gurza, faifan nan mai ganye-ganyen samfefa ya fi faifan dutse, wanda ke cin ƙarfen kansa. Falanken get da yawa kaurinsu bai wuce milimita 1.2 ko 1.5 ba, hannu mai nauyi zai iya huda su. Akwai kuskuren da ko ƙwararru suna yi: su dage da burushin waya na inji har wurin ya yi santsi yana ɗaukar ido. Wannan goge tsatsar aka yi ta yi sheƙi, ba cire ta aka yi ba, kuma fenti ba ya kama santsi. Abin da ake so shi ne ƙarfe mai launin toka-toka da ɗan kaushi in ka shafa. Gefen tsohon fentin da ya rage a sassabe shi da samfefa har ya zama babu tudu tsakaninsa da tsiraran ƙarfe, in ba haka ba ta nan sabon zai fara ɗagowa. Manyan kamfanoni da feshin yashi suke wannan aiki, kuma babu abin da ya kai shi tsafta, amma ga get ɗaya bai cancanci kuɗinsa ba, ƙurar yashin kuma tana lalata huhu in babu kayan kariya na gaske.

Ba dole ne a cire tsohon fenti duka ba. Sa reza ka tsaga shi gicciye a wurin da yake da kyau, ka manna salatif mai ƙarfi ka fizge. In bai biyo ba, bar shi, a dai goge shi da samfefa ya dusashe don sabo ya samu wurin kamawa. In ya biyo, duka zai fita. Nan ne mutane ke neman hanyar sauƙi, kuma kowace tana da haƙoranta. Ruwan cire fenti na gwangwani mai saurin aiki galibi yana ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda jiki ke juya shi ya zama irin gubar da ke cikin hayaƙin janareta. Ya kashe mutane a ɗakunan da ba iska, har Amurka ta hana sayar da shi ga jama'a a 2019, Tarayyar Turai kuwa ta riga ta da shekaru. In za a yi amfani da shi, a fili, da safar hannu da tabarau. Soda irin ta masu yin sabulu tana narkar da fentin mai sosai kuma ba ta cin baƙin ƙarfe, amma tana cin fata, tana makantarwa, tana kuma cinye alminiyom da kwanon rufi. Ƙona fenti da wuta ko da tsohuwar taya kuwa yana lanƙwasa falanki, ya bar ka da get mai tumbi.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Fentin mai, musamman tsoho, da launuka irin su rawaya da ja da ruwan lemo, yakan ƙunshi dalma. Gurza shi a bushe ko ƙona shi yana sakin ƙura da hayaƙin da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma illar ba ta gyaruwa. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta ɗaya ce: ƙura a tsakar gida, hannun yaro, baki. A shimfiɗa leda ko buhu a ƙarƙashin get, a yayyafa ruwa in ana gurza tsohon fenti da hannu, a kwashe ƙurar a ƙulle, yara su yi nisa, mai aiki ya sa takunkumi ya kuma wanke hannu kafin ya ci abinci.

Sai maganar maƙwabcinka. Ba ƙarya ya yi ba, ruwan batir yana cin tsatsa, shi ya sa shawarar ke yawo. Asid ne mai ƙarfi, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan, kuma wanda aka juyo daga tsohon batir har da dalma a cikinsa. Matsalar ita ce bai san inda tsatsa ta ƙare ƙarfe ya fara ba, duka yake ci. Ya fi haka muni, yana shiga tsagar walda da tsakanin falanki da fayif inda ruwan ɗauraya ba ya kaiwa, ya zauna yana aiki a ƙarƙashin sabon fentinka. Haka asid ɗin da ake sayarwa don wanke tayil da masai: yana fito da ƙarfe fari tas cikin mintuna, kafin ka juya ya sake yin ja, domin yana barin gishirin da ke janyo sabuwar tsatsa, tururinsa ma kaɗai yana sa kayan aikin da ke kusa su kamu. Masana'antu suna wanke ƙarfe da irin waɗannan asid, gaskiya ne, amma a cikin kwarami suke tsoma shi, su ɗauraye, su kashe asid ɗin, su rufe ƙarfen nan take. Get da ke tsaye a ƙofar gida ba ya samun wannan gatan. Kuma ko da wasa kada a haɗa kowane asid da ruwan bilic irin su Hypo ko Jik, iskar da ke tashi tana iya kashe mutum a banɗaki.

In kana son sinadari, nemi wanda aka yi don wannan aiki. A shagunan fenti, musamman na masu fentin mota, akwai ruwan da ke juya tsatsa. Iri biyu ne. Ɗaya asid ɗin fosforik ne, wanda ke mayar da siririyar tsatsa ta zama wani ɓawo mai launin toka da ke manne da ƙarfe, fenti kuma yana kama shi da kyau. Ɗayan da sinadarin tanin ake yinsa, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Shi yana mayar da tsatsa baƙa wuluk. Dukawa sun daɗe da sanin wannan haɗin: kulokon da suke baƙanta fata da shi daga ƙarfe ake jiƙa shi, in ya haɗu da bagaruwar da ke jikin fata sai baƙi ya fito. Amfanin ruwan nan shi ne ramukan da tsatsa ta ƙwaƙule, inda samfefa ba ta kaiwa, da lungunan adon get. Amma fa bayan kankara ake shafa shi. In aka zuba a kan ɓawo mai kauri, saman kawai zai juya, cikin na nan da ransa. Bi abin da aka rubuta a jikin robar game da lokacin jira da ko ana ɗaurayewa, domin sun bambanta.

Ƙananan kaya irin su kwaɗo, sarƙa, sifana, noti da almakashi ba sa buƙatar duk wannan. A tsoma su cikin ruwan khal, wato binega, ko ruwan lemun tsami, ko jiƙaƙƙiyar tsamiya mai kauri, su kwana, a goge da burushi, a ɗauraye da ruwan da aka jefa wa 'yar kanwa don ta kashe tsamin, a sake ɗaurayewa, a busar a rana, a shafa mai nan take. 

Abin da ya fi lalata aikin mutane bayan sun sha wahalar gurza shi ne jinkiri. Ƙarfen da aka tsiraita ba ya kwana. Raɓar dare ɗaya ta isa ta sa masa sabuwar tsatsa ko da ido bai gan ta sosai ba. Don haka kada a gurje get duka yau a ce gobe a yi fenti. A gurje iya abin da za a iya rufewa a ranar, a share ƙura, a goge da tsumma mai tina, a shafa fentin shimfiɗa cikin 'yan sa'o'i.

Fentin shimfiɗa da aka fi sani shi ne jan nan da ake kira red oksayid. Yana aiki in mai kyau ne, amma a kasuwa akwai wanda jan ƙasa ce kawai da ɗan mai. In ka samu mai sinadarin zink fosfet, wanda galibi ruwan toka ne, ya fi shi kariya. Kafin a shafe jiki duka, a ɗauki ƙaramin burushi a bi kan walda, kusurwoyi, bakin falanki da gindin get a yi musu shafa ta musamman, domin fenti yana janyewa daga kaifin ƙarfe ya bar shi da siriri, kuma daga nan tsatsa ke farawa. Shafar farko da burushi ta fi feshi, saboda burushi yana cusa fenti cikin ramuka. Shimfiɗa sau biyu, fentin mai na sama sau biyu, a bar kowace shafa ta kwana kafin a ɗora wata. Lita ɗaya ta fentin mai tana rufe kamar murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya. Auna get ɗinka ciki da waje, ka ƙara ƙarafan taga da ƙafar tanki, ka ninka sau huɗu, za ka ga da kanka ko galan ɗaya mai lita 4 zai kai. In lissafi ya nuna ba zai kai ba amma ya kai, to da fetur aka ja shi. Tsinkawa kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma, kuma da abin da kamfanin fentin ya ce. Wata dabara mai sauƙi: sa kowace shafa ta bambanta launi kaɗan da wadda ta gabace ta, kuma ka biya mai fenti kashi-kashi, bayan gurza, bayan shimfiɗa, bayan gamawa. Kada ya rufe ƙarfen sai ka gan shi da idonka.

Kada a fesa fentin mota a kan fentin mai da bai daɗe ba, tinarsa tana da zafi, za ta tattare na ƙasan ya yi yaushi. Akwai kuma fentin ifoksi mai gwangwani biyu da ake haɗawa, wanda ya fi duk waɗannan ƙarfi, ya dace da gindin ginshiƙi da ƙafar tanki. Sai dai yana son ƙarfe mai tsafta sosai, in an haɗa shi dole a gama da shi cikin 'yan sa'o'i, rana kuma tana sa shi ya yi gari-gari in ba a rufe shi da wani fentin ba. Ɓangaren da zai shiga ƙasa ko siminti, fentin kwalta ya wadatar, a ɗaga shi ya haura saman simintin da kamar taƙi ɗaya.

Lokacin aiki ma yana da nasa. Mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri, domin ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti. A fara da hantsi bayan raɓa ta bushe. Da bazara kuwa, ƙarfen da rana ta gasa har ba ka iya ɗora tafin hannu a kai ba a yi masa fenti, saman zai bushe ya ƙulle na ciki, daga baya ya tattare. A bi inuwa.

Baƙin mai, wato shawara ta uku, yana hana ruwa taɓa ƙarfe na ɗan lokaci, shi ya sa ake shafa shi a garma da ƙarƙashin tsofaffin motoci. A kan get kuwa asara ce: yana kama ƙura, yana ɓata tufafin duk wanda ya jingina, ruwan sama yana wanke shi, yawan taɓa shi yana cutar da fata, kuma ranar da ka so yin fenti sai ka sha wahalar fitar da shi daga kowace tsaga. Wurin mai shi ne hinji da sakata da taya, a sa musu giris. Cikin fayif ma, bayan an gama fenti ya bushe, ana iya ɗura ɗan sabon man inji ta sama ya bi ciki. Hanyar maƙera ta ɗumama ƙarfe a shafa masa man gyaɗa har ya yi baƙi, irin yadda ake yi wa sabon kaskon ƙarfe, tana da kyau ga wuƙa da fartanya da kayan girki, amma ba ta jure damina a waje.

In tsatsar ƙarafan taga ta zubo ta ɓata bango ko tayil, kada a sa bilic, ƙara kama tabon yake yi. Lemun tsami da ɗan gishiri, a bar shi ya jima, a goge a ɗauraye. Banda dutsen mabul, shi kowane tsami yana cinye masa sheƙi. Bango mai fenti kuwa sai an kankare tabon an rufe shi da fentin mai kafin a mayar da fentin ruwa, in ba haka ba zai sake ɓullowa. Kuma in akwai fayif ko kwano mai rufin tutiya a cikin kayan, wato galbanayiz, kada a gurje shi da giranda, rufin nan shi ne kariyarsa. Fentin mai ba ya zama a kan sabonsa, ɓarewa yake yi falle-falle, sai an fara da shimfiɗar da aka yi dominsa. Inda walda ta ƙone rufin, a shafa fenti mai garin tutiya. Hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare, kuma madarar da masu walda ke sha ba ta hana shi, iska da takunkumi ne ke hanawa.

Ƙafar tanki ita ce ya kamata ka fara dubawa, tun kafin get, domin get in ya ruɓe kunya ce kawai da kuɗi, ita kuwa rai ne. Lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce, tanki mai lita 2,000 tan biyu ke nan a saman kan mutane. Ita ce kuma ƙarfen da ya fi kowane jiƙa a gida, saboda ambaliyar tanki in an manta ba a kashe famfo ba, da ɗigon mahaɗar fayif da ke bin ƙafa ɗaya rani da damina. A gyara ɗigon, a sa wa tankin fayif ɗin da zai kai rarar ruwa nesa da ƙarfen. A sauke ruwan, a duba ƙarƙashin tankin inda yake zaune a kan faranti ko katako, a duba gindin kowace ƙafa da mahaɗar ƙarafan da aka gicciya. In bayan an kankare ka ga kaurin ƙarfen ya ragu a fili idan ka gwada shi da na sama, ko guduma ta lotsa shi, ko walda ta tsage, wannan ya wuce aikin mai fenti. A kira mai walda ya tokare, ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da na asali ko fiye, da cikakkiyar walda zagaye, kuma kada a sake cika tankin sai an gama.